Firinta da Bugun Hannu a Takarda Ɗaya: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibin zane ya rubuto: "Ina sassaƙa hoto a katako ina bugawa a takarda. Yanzu ina so in haɗa da hoton da na gyara a kwamfuta. Da wanne zan fara?"

Fara da firinta, ƙanena. Ka bar takardar ta kwana ta bushe sarai, sannan ka ɗora bugun katakonka a kai. In ka fara da na hannu, tawadar bugu mai maiƙo za ta shafe rolar firinta, kaurinta kuma yana iya gogar kan da ke fesa tawada. Ka sa ƙananan alamu a kusurwoyin hoton tun a kwamfuta, da su za ka daidaita katakon kada ya goce.

Wata baiwar Allah kuma ta ce: "Na buga hoton mahaifiyata marigayiya, ina so in ƙawata shi da fentin ruwa. Ina sa buroshi sai fuskar ta narke, launuka suka cakuɗe. Ko hannuna ne bai iya ba?"

Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, hannunki lafiya lau, tawadar ce ta yi miki haka. Tawadar firinta mai fesawa iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta narkakke ne a ruwa, ko ta bushe da ruwa ya taɓa ta sai ta sake tashi, rana kuma tana saurin cinye ta. Akwai ta garin launi, wadda ƙwayoyinta ke zama a jikin takarda, ta fi jure ruwa da haske nesa ba kusa ba. Yawancin ƙananan firintocin gida launukansu na rini ne, ko da baƙin na gari ne. Ba sai kin sayi sabuwar na'ura saboda hoto ɗaya ba. Ki kai wa masu buga hotuna da tawadar gari, ki ce a buga miki a takardar auduga mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Kafin ki taɓa na gasken, ki gwada fentinki a kan wani kwafi.

To, tunda maganar tawada ta taso, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai yi makonni yana sassaƙa, ya sayi takarda mai tsada irin ta Hahnemühle ko Arches, sannan ya zo wajen tawada ya nemi mafi arha, kwalba ba sunan kamfani na ƙwarai, an dai rubuta a jiki cewa ba ta koɗewa. Wa ya gwada? Wata ma kwalin babban kamfani ne aka kwaikwaya, cikinta ruwan rini ne kawai. Kamfanoni irin su Epson da Canon suna da tawadar gari, UltraChrome da Lucia, kowacce an yi ta ne don wasu firintoci na musamman, ba a ɗura ta a kowace na'ura. Ɗura tawadar gari a firintar da aka ƙera don rini, ko cakuɗa biyun a tanki ɗaya, hanya ce ta toshe kan firinta, kuma a wasu na'urorin kuɗin sabon kai ya kusa na na'urar gaba ɗaya. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jabun tawada ba ta nuna halinta ranar da aka buga. Sai hoton ya rataya a bangon wanda ya saya, ja ya dushe, baƙi ya koma ruwan ƙasa, bugun hannunka na sama kuwa yana nan daram, aikin ya zama abin dariya, sunanka ne kuma a ƙasa. Gwajin ba wuya: buga kwafi biyu, ɗiga wa ɗaya ruwa, ɗayan ka rufe rabinsa da kwali ka ajiye a taga mai rana na 'yan makonni, sannan ka ɗaga kwalin ka gani da idonka.

Wani kuma ya tambaya: "Zan iya tura siririn falanki cikin firinta in buga a kansa?"

Haba Malam! In kana da na'urar da kake son zubarwa, bismillah. In kuwa hoto a katako kake so, ka buga da firintar leza, ka juya hoton dama zuwa hagu a kwamfuta, ka shafa gam ɗin akrilik a katakon, ka kifa takardar. Bayan ya kwana sai ka jiƙa bayanta ka murje da yatsa a hankali. Garin tona, wato tawadar firintar leza, roba ce da zafi ya narkar, shi ya sa yake maƙalewa a gam ya bar takardar.

Ta ƙarshe daga wani mai sayar da zane: "In na buga da firinta na ɗan taɓa shi da fenti, zan iya sa masa lamba in sayar a matsayin bugun hannu?"

Lambar kam sa, 3/20 (wato kwafi na uku cikin 20) da fensir a ƙasa kamar yadda aka saba, muddin ba za ka wuce 20 ɗin ba. Amma ka rubuta gaskiyar yadda aka yi shi: bugun firinta da fentin akrilik, ko bugun firinta da sassaƙar katako. Tun wajen 1991 masu buga zane da na'ura a Amurka suka ba aikinsu sunansa na kansa, kuma ana saye ba tare da an ɓoye wa kowa komai ba. Mai saye da ya san harka zai duba da gilashin ƙara girma, ɗigon firinta kuwa ba ya ɓuya.