Me ya sa masu karatu suka yi wa labarinki ca?

'Yar'uwa, kin ce kin rubuta gajeren labari a kan yarinya mai ciwon sikila wadda kakarta ke ɗora wa uwarta laifin "kawo cuta gida", sai wasu suka yi ta kuka, wasu kuma suka ce kin ci mutuncin iyaye. Kina tambaya ko ki sauya ƙarshensa.

Kada ki sauya. Nan Sakkwato duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san wannan uwar: tabarma a baranda, fulas ɗin kunu a gefe, ana neman wanda zai ba da jini. Ita masu kukan suka gani.

Masu fushin ma ban ga laifinsu sosai ba. Mun taso ba a faɗin aibin uwar miji a bainar jama'a, ke kuwa kin faɗa. Amma akwai gyara guda da nake roƙon ki yi: kin bar uban yana gefe kamar baƙo. Sikila ba daga uwa kaɗai take zuwa ba. Idan uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da sikila a jininsu amma ba sa ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa SS, wato mai ciwon sikila. Sa likita ya faɗa wa kakar haka a gaban ɗanta, mu ji abin da za ta ce. Ki kuma nuna mana ita da dare tana tofa wa jikarta addu'a, don tsoro ne ke cinta.