Hoton da ka gani, Kawu

Kawu, na ji saƙonka kan hoton da ka gani na yara a ƙofar coci. Kwantar da hankalinka, ba ibada ta kai mu ba. A nan Harrow, bayan garin Landan, duk baƙon da ya zo daga gida sai mun hau da shi tudun nan, kamar yadda za a kai mutum Dala in ya sauka Kano. A ƙolin tudun kuwa cocin Sent Meri yake, na ɗariƙar Angilika, kuma shi ne cocin unguwar.

Abin da ke jan mu tsufan ginin ne. Lanfranc, babban limamin Kantabari, ya aza harsashinsa a 1087, ya rasu bai ga ƙarshensa ba, magajinsa Anselm ya keɓe shi a 1094. Ka lissafa, wajen lokacin da Gijimasu ya soma ganuwar Kano ke nan. A wancan zamani na Katolika ne, sai da Sarki Henri na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534.

Gindin hasumiyar shi ne ya rage daga ginin farko. Tsinin da ke kanta katako ne aka lulluɓe da darma, daga nesa kake hango shi. In ka shafa bango ta waje, dutsen ƙyastu ne aka jera, baƙi-baƙi, da santsi da kaifi. Wannan aikin George Gilbert Scott ne, da ya gyara ginin wajen 1849. Ni dai rufin katakon ciki ya fi burge ni, sassaƙa ce ta ƙarni na 15, har wuya ta gaji da kallo.

Ba a cire takalmi, amma murya ƙasa-ƙasa. In ana ibada ba ma shiga, mu zagaya ta maƙabartar da ke kewaye da shi, mu zauna muna kallon gari. Da can gonaki ne duk, sai da layin jirgin ƙasa na Metropolitan ya iso a 1880 gidaje suka cinye su. La'asar na yi mu gangara Babban Masallacin Harrow, ba nisa can ba.

A gaida Inna da mutan gida.