Wane batir mai caji ya dace da 'yar rediyo mai memori?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar rediyo mai cin memori wadda nake sauraren karatu da labarai da ita a shago. Ƙananan batura biyu take ci, masu alamar AA, kuma sayensu ya ishe ni. Na ga masu caji iri-iri a kasuwa, har wani mai shago ya nuna mini na litiyom ya ce ya fi ƙarfi. Wanne zan saya? Daga mai karatu a Marwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ba kowa kuɗinka, buɗe murfin batirin rediyon ka karanta abin da aka rubuta a wurin. In ka ga 3V, ko 1.5V sau biyu, to na litiyom ɗin da aka nuna maka zai iya kashe ta. Akwai batirin litiyom mai lamba 14500 wanda girmansa ɗaya da AA, yana shiga ramin daidai, amma ƙarfinsa bolt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Guda biyu sun haura bolt 8 ke nan a na'urar da aka yi wa 3. Gaskiyar mai shago ce da ya ce ya fi ƙarfi, sai dai ƙarfin ne ke ƙone rediyon.

Abin da ya dace da kai shi ne mai alamar NiMH. Za ka ga an rubuta 1.2V a jikinsa, kada wannan ya dame ka. Batirin da kake saye ka yar, daga 1.5 yake farawa yana ta sauka, shi kuwa NiMH yana tsayawa kusa da 1.2 har ya kusa ƙarewa, shi ya sa yawancin rediyoyi ke aiki da shi lafiya. Mai alamar NiCd kuma ka bar shi a inda ka gan shi. Tsohon yayi ne, cajinsa kaɗan, kuma yana ɗauke da kadmiyom mai guba.

A cikin NiMH ɗin ma akwai zaɓi, kuma nan ne na fi so ka natsu. Na gama-gari yana zubar da caji ko ba a amfani da shi, kamar randa mai yoyo, zafi kuma yana ƙara yoyon. Kai ka san Marwa da Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kuma a lokacin ne ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, ɗauke wuta ya yawaita. Ka caja batir ka ajiye don ranar da babu wuta, ranar ta zo ka tarar ya yi sanyi, wannan abin takaici ne. Don haka ka nemi irin da ke riƙe caji wata da watanni. Kamfanin Sanyo ya fito da shi a 2005 da sunan Eneloop, yanzu Panasonic ke yin sa, wasu kamfanonin ma suna da nasu. Alamarsa ita ce a kwali an nuna cewa da cajinsa yake zuwa, ana iya sa shi nan take. Lambarsa ta mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, takan kasance 1900 zuwa 2000. Ni na fi yarda da wannan a kan wanda aka rubuta wa 2700, domin mai babbar lamba ya fi saurin yoyo da saurin tsufa. In kuwa ka ga AA na NiMH an rubuta 4000 ko fiye, jabu ne.

Akwai wani sabon iri, AA na litiyom mai ba da 1.5V wanda ake caja da wayar USB. Ba zai ƙona rediyonka ba, amma ɗan injin da ke rage wuta a cikinsa yakan sa ƙara a gajeren zango da matsakaicin zango. In karatun memori kawai kake ji, babu laifi. In kana kama BBC ko RFI a gajeren zango, zauna kan NiMH.

Caja kuma kada ka yi mata rowa. Nemi wadda ke lura da kowane batir shi kaɗai, ta tsaya in ya cika, zai fi kyau ma in tana shan wuta ta USB don ka jona ta da sola. Sayi batura huɗu, biyu na aiki biyu na caji, kuma kada ka haɗa sabo da tsoho. Batirin da ba na caji ba, kada ya shiga caja ko kusa, yana iya fashewa ya zubar da ruwansa.

Ga masu rediyon da ke cin batirin waya mai faɗi, irin BL-5C na Nokia, ko dogon nan 18650, su nasu litiyom ne dole, sai su maye shi da irinsa. 18650 na gaske ba ya wuce kimanin 3500 mAh, nauyinsa wajen giram 45, saboda haka wanda aka rubuta wa 9800 kuma ka ji shi sakayau a hannu, ajiye musu kayansu. Kada a caja shi a rana ko a ƙarƙashin rufin kwano mai zafi da tsakar rana. In ya kumbura a cire shi nan take, a nisanta shi da yara, kuma kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.