Na sayi rigar da aka ce Yekini ya sa wa hannu, ashe jabu ce: in kai shi ga 'yan sanda?

Assalamu alaikum Barista. Ni mutumin Mabera ne, nan cikin garin Sakkwato. Tun ina yaro nake tara kayan tarihin ƙwallo: katunan 'yan wasa na Panini, tsofaffin tikitoci, kalandu, har da wata ƙwallo da aka sa mini hannu a filin Giginya. Wata takwas da suka wuce wani da muka saba a gidan kallon ƙwallo ya haɗa ni da wani mutum mai rigar Super Eagles ta 1994, lamba 9, da sa hannun marigayi Rashidi Yekini a ƙirjinta. Ya ba ni wata takarda mai hatimi, wai shaidar ingancin sa hannun. Na tura mashi naira dubu 380 ta banki, na ba wanda ya haɗa mu dubu 10 la'ada. Watan jiya wani abokina da ya san harkar ya zo daga Kaduna, yana ganin rigar ya ce jabu ce. Na kira mutumin, ya ce shi ma haka ya saye ta a Legas, kuma kaya in sun bar hannu ba su dawowa. Yanzu ko wayata ba ya ɗauka. Ni so nake in kai wanga mutum ga 'yan sanda su rufe shi sai ya biya ni, kuma ba kuɗina kaɗai ba, don akwai wanda ya taya rigar dubu 700 kafin maganar ta fito. In ya ƙiya in sa hotonsa a Facebook kowa ya san shi. Mi ya kamata in yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na fahimci zafin abin. Duk wanda ya ga Yekini ya riƙe raga yana ihu ranar 21 ga Yuni 1994, bayan ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a wasa da Bulgeriya, ya san ba yadin rigar ka saya ba. Amma ka sani tun daga farko, bakinka kaɗai na ji, ban ga rigar ba, ban ga takardar ba, ban karanta saƙonnin da kuka yi ba. Abin da zan faɗa yana iya canzawa in na ga waɗannan.

A ganina kana da haƙƙi, mai yiwuwa ma mai ƙarfi. Sai dai hanyoyi biyun da ka zaɓa don karɓarsa, ofishin 'yan sanda da Facebook, su ne suka fi saurin lalata maka shi.

Mutane da yawa sun ɗauka 'yan sanda masu karɓo bashi ne. Ba aikinsu ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rigimar ciniki, kuma kotunan ƙasar nan sun sha cin tarar wanda ya yi amfani da 'yan sanda wajen tatsar kuɗi, shi da su gaba ɗaya. Wato za ka iya shiga a matsayin wanda aka cuta, ka fito kai ake bi diyyar tauye haƙƙi. Ban ce babu laifi a nan ba. Zamba laifi ce a kundin finalkod, haka ƙirƙirar takardar bogi, kuma dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Amma dukkansu a kan abu ɗaya suka tsaya: a nuna cewa mutumin ya san ƙarya ne lokacin da yake sayar maka. Ga shi tun a waya ya riga ya shimfiɗa kariyarsa, ya ce shi ma haka ya saya. Wataƙila ƙarya yake yi. Wataƙila kuma gaskiya ce, domin irin waɗannan kaya sukan bi hannu uku ko huɗu, kowa na cutar na gaba ba tare da ya sani ba. In ka samu wasu mutane biyu ko uku da ya sayar wa irin wannan riga da irin wannan takarda, magana ta canza, kana da abin kai wa 'yan sanda, kuma ko a nan ƙorafi za ka rubuta su bincika, ba kai za ka ce a rufe shi ba. In babu wannan, abin da ke hannunka rigimar ciniki ce.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Ka ce rigar jabu ce. Wa ya ce? Abokinka. Ina girmama idonsa, amma alƙali zai tambaye shi a ina ya koyi tantance sa hannu, kuma sa hannun Yekini na ainihi guda nawa ya taɓa riƙewa. Ƙa'ida ce da kowa ya sani, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma kai ne mai da'awa. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a saurari ra'ayin ƙwararre, ta kuma ba kotu dama a sashe na 101 ta gwada sa hannun da ake tababa da wani wanda aka tabbatar. To ina za ka samo wanda aka tabbatar? Mai hannun ya rasu a Ibadan tun watan Mayu na 2012, ba za a kira shi a tambaye shi ba. Kamfanonin da duniya ta yarda da su wajen wannan aiki, irin su PSA da Beckett da JSA, a Amurka suke, da dala ake biyansu, kuma su ma ra'ayi suke bayarwa. Kuɗin aika rigar da dawo da ita kaɗai zai ci kaso mai tsoka na abin da kake nema.

Don haka ni da zan riƙe shari'arka, ba ta kan sa hannun zan fara ba, ta kan rigar zan fara. Rigar da Najeriya ta sa a gasar 1994 ta Adidas ce, kuma tun daga lokacin ake ta kwaikwayonta ana sayarwa saboda farin jininta. Ka juya taka ka duba 'yar takardar da ke ɗinke a ciki, da tambarin, da yadin, da irin ɗinkin. In wanda ya san rigunan ƙwallo zai iya nuna cewa an ɗinka ta bayan 2012, magana ta ƙare, domin mamaci ba ya sa hannu. Wannan hujja ce da alƙali zai gane ba tare da an kira kowa daga Amurka ba. In kuma rigar tsohuwa ce da gaske, aikinka ya ƙaru, kuma dole ka yarda cewa akwai yiwuwar abokinka ne ya yi kuskure.

Ita takardar mai hatimi kada ta ruɗe ka. Darajarta tana ga wanda ya bayar da ita: wane ne, ina yake, zai tsaya a bayanta? Wadda babu suna, babu adireshi, babu lambar da za a bincika, kowane shagon buga takardu zai yi ta. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo wata babbar ƙungiya a Amurka mai ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa, kuma kayansu da takardun shaida suke fita. Ko rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986, wadda aka sayar fam miliyan 7.1 a gwanjon Sotheby's a 2022, sai da 'yarsa ta yi jayayya cewa ba ita ce wadda ya sa bayan hutun rabin lokaci ya ci ƙwallaye da ita ba, aka dogara da gwada ta da hotunan wasan, duk da an san ɗan wasan Ingilan da ya karɓe ta, Steve Hodge. A wannan harka tarihin hannun da kaya suka biyo shi ne shaida. Amma ka adana takardar da kyau, domin a shari'arka tana da wani amfani: tana nuna cewa a kan sa hannun aka yi cinikin.

Wannan kuwa shi ne ƙashin bayan haƙƙinka. In ku duka Musulmi ne, mai yiwuwa kotun shari'ar Musulunci za ku, inda ake hukunci da mazhabar Malikiyya. A can, wanda ya sayi abu bisa sharaɗin wata siffa da ke da muhimmanci a gare shi, sai aka tarar babu ita, yana da zaɓin ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, kamar yadda yake da zaɓi in ya tarar da aibin da aka ɓoye. Ba sai an nuna mai sayarwa ya san ƙarya ne ba. Ka ga bambancin da hanyar 'yan sanda. Cewar shi ma haka ya saya ba ta hana a warware cinikinku, sai dai shi ma ya juya ya bi wanda ya sayar masa a Legas. A kotun majistare ma kusan nan za a sauka, domin kayan da aka sayar bisa siffantawa dole su dace da siffar. Ita kuwa maganar kaya in sun bar hannu ba su dawowa, zancen kasuwa ne, ba na jin za ta tsaya a gaban alƙali a irin wannan ciniki, balle in ya san aibin ya ɓoye. Kuma gaskiya ban ji daɗin yadda ya daina ɗaukar waya ba. Wanda shi ma aka cuta, abin da ake sa rai ya yi shi ne ya zo ya ce mu zauna mu duba.

Sai dai komai ya dogara da kalmomin da ya yi amfani da su. In ya rubuta maka cewa sa hannun Yekini ne, na tabbatar, kana da ƙarfi. In cewa ya yi an ce mini nasa ne, ka duba da kanka, kai kuma ka duba ka biya, lauyansa zai ce ka saya a kan ganin idonka. Ka koma WhatsApp ka karanta, ka saurari saƙonnin murya, kada ka goge ko ɗaya. Ka ciro shaidar tura kuɗin daga banki. Wanda ya haɗa ku kada ka yi faɗa da shi a kan dubu 10, shi ne shaidarka mafi kusa.

Akwai kuma lokaci. Wata takwas ɗin ba su dame ni sosai ba, tunda ba ka sani ba. Watan nan guda da ka sani shi ne abin lura. Malaman Malikiyya suna ɗaukar shirun mai saye ba uzuri, ko ci gaba da amfani da kaya bayan ya ga aibi, a matsayin ya yarda. Kiran da ka yi masa ya taimake ka, amma kiran waya ba ya barin sawu. A makon nan ka rubuta masa cewa ba ka yarda da cinikin ba, ga rigarsa, kana neman kuɗinka. Kada ka sa rigar, kada ka wanke ta, kada ka tallata ta. Wanda ya taya ta dubu 700 kuwa, in ka sayar masa ba tare da ka gaya masa abin da ka ji ba, ka shiga ramin da kake so a jefa wani.

Dubu 700 ɗin nan ka cire su daga lissafi. Tayi ba ciniki ba ne. A kotun Musulunci abin da ka biya za a mayar maka. A kotun majistare akwai ƙofar neman bambancin daraja a ƙa'ida, amma sai ka tabbatar da nawa rigar ainihi take a kasuwa, kuma ban ga yadda tayin mutum ɗaya da baki zai ɗauki wannan nauyi ba.

Facebook kuma ina roƙonka ka bari. Ka kira mutum ɗan damfara a bainar jama'a alhali ba ka riga ka tabbatar da jabun ba, ɓata suna ne, ana iya ƙararka neman diyya, ana iya gurfanar da kai, kuma an sha kama mutane a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 kan abin da suka wallafa. Ban da haka, wanda ka riga ka tozarta ba shi da sauran abin karewa, kuma tsoron zubar mutunci shi ne babban abin da zai sa ya biya ka.

Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi, amma ta fi dacewa in mutumin sana'arsa ke nan, yana da shago ko shafin talla. In ciniki ne na mutum da mutum sau ɗaya, ba na sa rai sosai a can.

Shawarata sulhu ce, kuma ba don haƙƙinka ba shi da ƙarfi ba. Ka lissafa kuɗin lauya, da na mai tantancewa, da ɗage zama, da yiwuwar ɗaukaka ƙara, a kan dubu 380. Ko ka yi nasara, hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Ka sa lauya ya rubuta masa takardar neman biya da wa'adin kwana 14, wannan aikin yini ɗaya ne. Sannan ka bi ta wanda ya haɗa ku, ku nemi wanda mutumin yake jin nauyi, mai unguwarsu ko limaminsu ko wani babban yayansa. Sakkwato ba ta da girman da mutum zai ɓace a cikinta. A zaman kada ka ce masa ɓarawo, ka ce ciniki bai inganta ba, ga kayanka, ba ni kuɗina. Wannan yana ba shi hanyar fita ba tare da ya amsa laifi ba, kuma mutane sun fi biya in an bar musu wannan hanya. In ya ce ba shi da su a dunƙule, ka karɓi biya kashi-kashi, amma a rubuce, da ranaku, da shaidu biyu, da wanda zai tsaya masa, rigar kuma ta zauna hannun mai sulhu har a gama. In ya kawo tayin dubu 300 a hannu yau, ni zan ce ka yi tunani sosai kafin ka ƙi.

In wa'adin ya cika bai amsa ba, ko ya ƙi zama, sai ka shigar da ƙara da takardar da aka aika masa a matsayin shaidarka ta farko. Kafin nan ka kai wa lauya rigar da takardar hatimin da wayarka ya gani da idonsa.