Motar Gidan Wood Mai Lamba 21: Yadda Ƙaramar Ƙungiya Ta Daɗe a Tseren NASCAR

Tambaya: Malam, ina kallon tseren motocin NASCAR na Amurka a intanet. Na lura manyan ƙungiyoyi suna shiga da mota uku ko huɗu, amma akwai wata mota mai lamba 21 da masu sharhi suke girmamawa ƙwarai, alhali ita kaɗai ce masu ita suke da ita. Su wane ne, kuma me ya sa ake ji da su haka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, idonka ya gano mai kyau. Motar ta ƙungiyar Wood Brothers ce, wato 'yan uwa na gidan Wood, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta daɗewa cikin waɗanda suke fafatawa a NASCAR yau.

Asalinsu wani ƙaramin gari ne mai suna Stuart a jihar Bajiniya. Glen Wood, wanda sana'arsa yankan katako ce, shi ya kafa ta a 1950 tare da 'yan uwansa. Da farko shi yake tuƙi, har ya ci tsere huɗu a babban rukuni, daga baya ya sauka ya bar wa wasu sitiyari. Ƙanensa Leonard kuwa makanike ne na ban mamaki, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan labarin nan.

A wancan zamani, idan mota ta tsaya shan mai da canjin taya, ma'aikata ba sa gaggawa sosai. Leonard ya gane cewa daƙiƙar da aka ɓata a tsaye daidai take da wadda aka ɓata a kan hanya. Sai ya gyara jak ɗin ɗaga mota ya riƙa ɗagawa da 'yan bugu kaɗan, ya gyara yadda mai yake zuba a tanki, aka kuma raba wa kowa aikinsa ana maimaitawa har hannu ya saba. Labarinsu ya kai ga kamfanin Ford ya gayyace su tseren Indianapolis 500 na 1965, wanda ba irin motocinsu ake tsere da su ba, domin su kula da tsayawar Jim Clark ɗan Sikotilan. Clark ya ci tseren. Duk wata tsayawa ta walƙiya da kake gani yau, akwai hannun gidan Wood a tushenta.

Direbobinsu fa? A Fabrairun 1963 direbansu Marvin Panch ya yi haɗari a filin tseren Daytona da ke jihar Florida cikin wata motar Maserati, ta kife ta kama da wuta. Cikin waɗanda suka ruga suka ciro shi har da Tiny Lund, wani ƙaton mutum da ba shi da motar kirki a lokacin. Panch yana kwance da ƙuna, aka ba Lund lamba 21, ya je ya ci Daytona 500, tseren mil 500, ba tare da an canza masa taya ko ɗaya ba. Cale Yarborough ya sake ci musu a 1968, A.J. Foyt a 1972.

Sai David Pearson, wanda ya riƙe motar daga 1972 zuwa 1979 ya ci tsere 43. A 1973 tsere 18 kawai ya shiga, ya ci 11. Ka tsaya a kan wannan lissafi, domin a nan sirrinsu yake. Ba su da kuɗin zuwa kowane tsere, don haka sukan zaɓi manya masu tsoka, su je da shiri. Abin da ya sa ke nan babu direban da ya taɓa ɗaukar kambun shekara a motarsu, duk da tarin nasarori. Wasu suna ganin wannan naƙasu ne. Ni ina ganin sanin gwargwadon ƙarfinka ne, kuma shi ya hana su durƙushewa kamar ƙungiyoyi da yawa na sa'o'insu.

Idan za ka nemi bidiyo ɗaya, nemi ƙarshen Daytona 500 na 1976. Pearson da abokin hamayyarsa Richard Petty suka yi karo a kwanar ƙarshe, motocin biyu suka daki bango suka wuntsila cikin ciyawa. Injin Petty ya mutu dab da layin ƙarshe. Pearson ya danne kuloci injinsa bai mutu ba, ya lallaɓa da ragargajajjiyar mota ya tsallake layin. Rabuwar gidan Wood da Pearson ta zo a 1979 bayan tseren Darlington, inda rashin fahimta ya sa ya ja mota ba a ɗaure notin tayoyi ba.

Daga baya an sha wuya. Tseren ya koma na masu kuɗi da injiniyoyi, nasara ta yi ƙaranci, musamman daga 1990: Dale Jarrett a 1991, Morgan Shepherd a 1993, Elliott Sadler a 2001. A 2008 ko cancantar shiga Daytona 500 ba su samu ba. Shekara uku bayan haka, Trevor Bayne ya ci musu shi kwana ɗaya bayan ya cika shekara 20, a tserensa na biyu a babban rukuni. Har yau babu wanda ya ci shi da ƙarancin shekaru haka.

Yanzu suna samun taimakon fasaha daga babbar ƙungiyar Penske, amma ragamar tana hannun 'ya'ya da jikokin Glen, kuma tun 1950 motocin kamfanin Ford kaɗai suke tuƙawa. Ryan Blaney ya kawo nasara ta 99 a Pocono a 2017. Glen ya rasu a Janairun 2019 yana jiran ta ɗari, wadda Harrison Burton ya kawo a Daytona cikin Agustan 2024. Josh Berry ya ƙara ta 101 a Las Vegas a Maris na 2025.