Me ya sa farar masara ta fito da ƙwayoyi rawaya?

Malam, ka ce fara zalla ka shuka, amma ka ɓare goyo ka ga rawaya jefi-jefi. Ba irinka ne ya lalace ba, barbara ce daga wata gonar.

Furen da ke saman kara shi ne namiji, shi ke zubar da gari mai laushi kamar ƙura. Gemun masara kuwa mace ne, kuma kowane zare ɗaya ƙwaya ɗaya yake kaiwa. Iska ce ke ɗauko garin, ba ruwanta da iyakar gona. Zaren da garin masara rawaya ya faɗa wa, ƙwayarsa rawaya za ta fito.

In kana son iri tsantsa, nisanta gonakin, ko ka bambanta lokacin shuka don kada su yi fure tare.