Tambayi Likita: matashi mai ADHD, ta yaya za a gane ciwon damuwa ko fargaba ta shige shi?

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karon kusan duk akan matasa ne masu ADHD, wato lalurar nan ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, wasu har da rashin zama da aikata abu kafin tunani. Ta biyun ce ta fi tsaya min a rai, ku yi haƙuri da tsawon amsarta.

Tambaya: Likita wai da gaske ne shan zaƙi da yawan danna waya ke kawo ADHD?

Amsa: A'a. Gado ne ya fi yawa a ciki, binciken da aka yi akan tagwaye ya nuna wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100 daga jini yake. Waya dai tana cinye barci, rashin barci kuma yana ƙara dagula komai.

Tambaya: Ɗana shekararsa 15, tun yana 9 aka ce yana da ADHD. Da shi ne mai surutun gidan, baya zama, kullum ƙwallo. Yanzu kusan wata biyu ya daina fita, yana ɗaki, in ka yi masa magana sai faɗa, abinci sai an matsa. Babansa ya ce lalaci ne da taurin kan balaga, har ya dake shi. Shekaranjiya na ji yana ce wa ƙanwarsa da ma ba a haife shi ba. Ina tsoron in tambaye shi kar in saka masa wani tunani a kai.

Amsa: Hajiya, kafin komai, a kai yaron nan asibiti, yau ko gobe, kar a ce sai an ga hali. Sannan bari in miki bayani.

Ita ADHD ba rana tsaka take zuwa ba. Alamunta tun kafin shekara 12 suke bayyana, a gida da makaranta duka, kuma kusan kullum yanayinta ɗaya ne, kin riga kin san ɗanki da mantuwa da yar da littafi da katse mutane suna magana. Don haka abin da nake cewa iyaye su sa wa ido shi ne canji. Yaron da ADHD ta sa baya iya zama, yau ya zauna a ɗaki wata biyu, ƙwallon da ake janye shi daga ita da ƙyar yau ko kallonta baya yi, wannan ba ADHD ba ce ta ƙaru, wani abu ne sabo ya hau kanta. Mai ADHD zalla yana gundura da wuri amma in ya samu abin da yake so zai shiga ciki har ya manta da cin abinci. Mai ciwon damuwa kuwa abin da yake so ɗin ma ya daina masa daɗi. Wannan bambancin ki riƙe shi.

Mu likitoci abin da muke nema shi ne sati biyu ko fiye na ƙuncin rai ko fita sha'awar abubuwa kusan kullum, tare da wasu alamu kamar canjin barci, canjin cin abinci, kasala, jin cewa shi ba komai bane, da tunanin mutuwa. Ɗanki ya wuce sati biyu nesa ba kusa ba. Kuma inda iyaye da yawa suke ruɗewa shi ne matashi ba lallai ya zauna yana kuka ba, sau tari damuwarsa a fushi take fitowa, tsawa, buga ƙofa, "ku ƙyale ni". Sai a ce rashin kunya ce, a ɗauko bulala.

Ki duba kuma abin da yaro irin wannan ya sha ji tun yana ƙarami. Ba ka ji, ba ka da nutsuwa, dubi ƙaninka ma ya fi ka, kai kullum sai ka jawo mana magana. Shekara da shekaru yana ƙoƙari yana faɗuwa kuma ba wanda ya ga ƙoƙarin sai faɗuwar, to a lokacin balaga da yaro ya fara auna kansa da sa'anninsa sai ya yanke hukunci cewa shi ne lalatacce. Shi ya sa masu ADHD suka fi sauran yara faɗawa ciwon damuwa. Dan Allah ki zaunar da babansa cikin girmamawa ki karanta masa wannan. Na san so ne ya sa yake son ɗansa ya miƙe, amma duka a wannan halin tabbatar wa yaron yake yi da abin da zuciyarsa take faɗa masa. A daina, wallahi a daina.

Sai maganar tsoron tambaya. Wannan fahimtar ta cutar da gidaje da yawa. An yi bincike akai ba sau ɗaya ba, tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa ba ta saka masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji don an samu wanda zai saurare shi. Ki same shi ku biyu kawai, ba a gaban ƙannensa ba, ba da faɗa ba. Ki ce masa, na ji abin da ka faɗa wa ƙanwarka, ba fushi nake ba, so nake in sani, kana jin kamar gara ka mutu? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu? In ya ce eh, kar ki fasa ihu, kar ki fara wa'azi a lokacin, kar ki ce me ka rasa a gidan nan. Ki tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi, ki ce kin gode da ya faɗa miki. In akwai shiri, ko ya taɓa gwadawa, ko kin ga yanka a hannunsa ko cinyarsa, ko ya fara rabar da kayansa, to sashen gaggawa za ku nufa a take, kuma ba a barinsa shi kaɗai.

Ko ya ce a'a, daren yau ki tattara duk magungunan gidan, maganin ƙwari da na ɓera, da duk wani makami, ki kulle. Ina nanata wannan ne saboda mai ADHD tsakanin tunani da aikatawa tazarar gajera ce, ɓacin ran minti goma zai iya zama abin da ba a gyarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kashe kai cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu shekara 15 zuwa 29, ba ƙaramar magana ba ce.

Labari mai daɗi shi ne ana warkewa. Akwai jinya ta zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koya wa yaro gane mugun tunani da yadda zai juya shi, in abin ya yi nauyi a haɗa da magani irin fuluoksetin, wanda aka fi sani da Prozac. Yana ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa sosai, kuma tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi cewa a makonnin farko tunanin kashe kai na iya ƙaruwa ga wasu matasa, don haka likita ne zai rubuta, ku kuma ku sa ido sosai. Ki faɗa wa likitan duk maganin da yake sha, musamman in maganin ADHD na atomoksetin ne, wato Strattera, shi ma yana da irin wannan gargaɗin. Ki kai shi Hajiya, kar a kwana biyu.

Tambaya: Ƙanina mai ADHD baya barci, wani ya ba mu Valium, wani lokacin kuma maganin tari mai kodin, yana kwantar da shi. Akwai matsala?

Amsa: Haba ɗan'uwa! Yaro ba tari yake ba kuna ɗura masa kodin? Biyun nan duk suna danne numfashi, in aka haɗa su yaro zai iya kwanciya ya ƙi tashi. Ga kamuwa da jarabar shan su, su kuma masu ADHD dama sun fi saurin faɗawa shaye-shaye, da hannunku kuke buɗe masa ƙofa. In ya kai makonni yana shan Valium kar ku yanke lokaci ɗaya don yana iya kawo jijjiga, ku kai shi likita ya rage masa a hankali, ya kuma binciki dalilin rashin barcin, don fargaba da damuwa duk suna hana barci. Wanda ya ba ku shawarar nan kar ku sake karɓar ko ƙwaya ɗaya a hannunsa.

Tambaya: 'Yata shekara 14, shiru-shiru ce, malamai sun ce jikinta na aji hankalinta na wani wuri, an ce ADHD ce. Yanzu duk safiyar makaranta ciwon ciki da ciwon kai, ranar hutu lafiya lau. An yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Ko ƙarya take?

Amsa: Malama ba ƙarya take ba, ciwon da gaske take jin sa. Wannan kamannin fargaba ne, kuma wajen ɗaya cikin uku ko huɗu na yara masu ADHD suna da ita. 'Yan mata an fi makara wajen ganewa saboda ba sa damun kowa. Ki tambaye ta, in hankalinki ya tafi a aji ina yake zuwa? Mai ADHD za ta ce ko'ina, duk abin da ya gifta. Mai fargaba za ta ce tunanin kar malam ya kira ni in kasa, kar a yi min dariya, kar wani abu ya same ki a gida. Ki lura kuma da bugun zuciya, gumin tafin hannu, cizon farce, yawan tambayar "Mama ba komai ko?", da goge aikin gida tana sakewa har dare. Ki bincika ko ana tsangwamarta a makaranta. Kar a zaunar da ita a gida gaba ɗaya, gujewa ƙara wa tsoro ƙarfi take yi, gara a yi magana da malamai a sassauta mata tana zuwa. In ba a duba ƙarancin jini da maƙoƙo ba a duba, sannan ta ga likitan ƙwaƙwalwa na yara ko masanin halayya. Ita ma ki yi mata tambayar da na koya wa Hajiya a sama, kuma in ta fara ƙin abinci ko ta daina zuwa makarantar sam, kar ki jira ranar da aka ba ku, ku koma.

Tambaya: Shekarata 17, ina shan Ritalin, maganin ADHD. Da yamma sai in ji raina ya ɓaci ba dalili, kamar in yi kuka. Difireshan ne, wato ciwon damuwa?

Amsa: Ɗana, in awa ɗaya ko biyu ne kawai daidai lokacin da maganin ke sakinka, sannan ka dawo daidai, to sakin maganin ne, likitanka zai iya gyara lokaci ko adadi. Ka rubuta ƙarfe nawa kake sha, ƙarfe nawa abin ke farawa, na sati ɗaya, ka kai masa. Kar ka ƙara ko ka rage da kanka. In kuwa tun safe kake tashi da shi har ranar da ba ka sha ba, ko tunanin mutuwa ya taɓa zuwa maka, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi yau ɗin nan, ku je asibiti tare.

Tambaya: Awa nawa ya kamata matashi ya yi barci?

Amsa: 8 zuwa 10. Wayar ta kwana a wajen ɗaki.